Oga zai iya karanta WhatsApp ɗina idan ina kan Wi-Fi ɗin ofis?

Maman Walid:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar kwamfuta da kuma masana doka. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, kuma makon jiya aka raba mana takarda mai ɗauke da sharuɗɗa uku. Na farko, duk wanda zai hau Wi-Fi ɗin ofis sai ya shigar da sunansa da lambarsa ta ma'aikaci. Na biyu, wanda ke son imel ɗin aiki ya riƙa shigowa wayarsa, sai ya kai ta sashen kwamfuta a saka masa wata manhaja. Na uku, wai kamfani na da haƙƙin bibiyar abin da ma'aikaci ke wallafawa a kafafen sada zumunta. An ce kowa ya sa hannu kafin ƙarshen wata.

Tun ranar ake ta ƙus-ƙus. Wasu na cewa yanzu har hirar mace da mijinta oga na karantawa, wasu na cewa barazana ce kawai. Don Allah mene ne ainihin abin da suke iya gani? Doka ta yarda da haka? Kuma me ya kamata in gyara a wayata kafin in sa hannu?

Injiniya Kabiru:

Wa alaikumus salam Maman Walid. Kada ki zuba sharuɗɗan nan a kwando ɗaya, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wanda mutane suka fi tsoro, wato Wi-Fi, shi ne mafi sauƙi. Na biyun ne mai haƙori.

Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, mabuɗin yana wayarki da wayar wanda kika aika wa. Abin da ke ratsa na'urar ofis tarin lambobi ne marasa ma'ana, don haka mai kula da Wi-Fi ba ya ganin rubutu, ba ya jin saƙon murya, ba ya buɗe hoto. Abin da yake gani shi ne sawun tafiya: wace waya ce, ƙarfe nawa ta hau, ƙarfe nawa ta sauka, sunayen shafukan da ta tuntuɓa, da yawan datar da ta sha. Yanzu da aka ɗaura wannan da lambar ma'aikaci, zai iya fitar da takarda ya ce daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi wayar wance ta sha megabayit 600 a TikTok. Bai san wane bidiyo kika kalla ba, amma wannan kaɗai ya isa a rubuta wa mutum takardar tuhuma. Haka idan kika shiga shafin neman aiki, sunan shafin zai fito. Buɗe burauza a yanayin ɓoye da ake kira Incognito ba ya hana komai a nan, tarihin da ke cikin wayarki kawai yake ƙin ajiyewa.

Wuri ɗaya ne lissafin ke canzawa: idan aka ce sai an saka wa wayar wani satifiket na kamfani kafin ta hau Wi-Fi. Akwai satifiket na shaida kawai, akwai kuma wanda ke ba na'urar ofis damar buɗe abin da ke wucewa ta burauza, ta duba, ta sake rufewa. Da irin na biyun za a iya ganin abin da kika rubuta a Gmail ko Facebook idan ta burauza kika shiga. Ki tambaya wanne ne. Hirar WhatsApp ko da hakan ba ta buɗuwa a hanya.

Kwamfutar ofis kuwa, ki ɗauka komai a fili yake. Tasu ce, suna iya saka manhajar da ke ɗaukar hoton allo lokaci-lokaci ko mai ajiye duk harafin da aka danna. A nan ne yawancin asirin WhatsApp ke tonuwa. Mutum ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutar tebur don saukin tura takardu, ya tashi ya rufe shafin, yana zaton ya fita. Bai fita ba. Duk wanda ya zauna a kujerar ya buɗe shafin, hirar za ta dawo masa har da sabbin saƙonni. Ki buɗe WhatsApp yanzu, ki shiga Linked devices. Ana iya haɗa na'urori har huɗu. Duk wadda ba ki gane ba, ki taɓa ta ki danna Log out. Kada ki jira su fita da kansu, don sai wayarki ta yi kwana 14 ba a taɓa WhatsApp ɗinta ba, ko ita na'urar ta yi kwana 30 ba a yi amfani da ita ba, suke yankewa.

Sai batun manhajar. Iri-iri ce, kuma bambancin yana da girma.

Idan Android ce kuma abin da za su saka shi ne Work profile, wannan da sauƙi. Wayar za ta rabu ɗaki biyu, manhajojin aiki su fito da alamar ƙaramar jaka a jikinsu. Kamfani na iko da wancan ɗakin kaɗai: yana ganin manhajojin cikinsa, samfurin wayar da makamantansu, kuma ranar da kika bar aiki ɗakin kawai zai goge. Hotunanki da hirarki ba ya kai gare su. Idan kuwa aka ce sai an goge wayar gaba ɗaya, ta koma kamar sabuwa, kafin a saka, to so ake a mayar da ita wayar kamfani dungurungum. Wannan ba a yarda da shi a wayar da mutum ya saya da kuɗinsa. Akwai kuma tsohuwar hanya, inda saka imel ɗin aiki ke neman a ba shi matsayin Device admin. A wasu tsare-tsaren wannan na ba su ikon goge wayar baki ɗaya daga nesa, har da hotunan sunan ɗanki. Ba sai da mugunta ba, kuskuren danna maɓalli ma ya isa.

A iPhone ki shiga Settings, General, sai VPN & Device Management. Duk abin da aka ɗora zai fito, kuma idan kika buɗe shi zai jera ikon da aka ba kamfani.

Izini biyu ne nake so ki sa wa ido a Android, domin su ne ke tsallake kullen WhatsApp ba tare da an fasa shi ba: Accessibility da Notification access. Na farko na bai wa manhaja damar karanta duk abin da ke kan allo, na biyu na ba ta damar karanta duk saƙon da ya faɗo ta sama. Imel ɗin aiki ba ya buƙatar ko ɗaya. Kuma kada ki miƙa wayar a buɗe ki ce za ki dawo bayan azahar. Ki tsaya a kanta, ki karanta kowane allo kafin a danna amincewa.

Barista Nafi'u:

Injiniya ya gama da na'ura, bari in taɓa doka, da sharaɗin cewa ban ga takardar ba, kuma kalma ɗaya a cikinta na iya sauya amsa.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Amma wadda za ki fi riƙewa a ofis ita ce Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar, kuma ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. A idon wannan doka kamfaninku mai riƙe bayanai ne, ke kuma mai bayanan. Sashe na 24 ya ce a tattara bayani a bayyane, don wata manufa da aka faɗa, kuma kada ya wuce abin da manufar ke buƙata, kada a ajiye shi fiye da lokacin da ya kamata. Sashe na 25 ya jera dalilan da doka ta yarda da su, ciki har da amincewar mutum, cika yarjejeniya, da halastacciyar buƙatar kamfani.

A aikace ga yadda nake auna sharuɗɗanku. Sa ido a kan Wi-Fi da kwamfutar kamfani don tsaro, bayan an sanar da ma'aikata, yana da wuya a ce ya saɓa doka. Karanta abin da kika wallafa a fili, wanda kowa ke gani, shi ma ba kutse ba ne, ke kika baza shi a kasuwa. Inda aka ƙetare iyaka shi ne a nemi kalmar sirrinki, a tilasta miki karɓar abotar oga a Facebook, a buɗe asusun bogi don leƙen shafin da kika rufe, ko a saka abin da ke karanta hirarki a wayarki. Sa hannunki ma ba ya wanke irin wannan kai tsaye, domin doka na son amincewar da aka bayar da son rai, kuma wanda aka ce masa ko sa hannu ko bakin aiki, akwai magana a kan son ransa.

Kalmar bibiya da ke sharaɗi na uku ta yi faɗi da yawa. Kafin ki sa hannu ki rubuta wasiƙa mai ladabi, ko ku haɗu ku rubuta don kada a ware mutum ɗaya, ku nemi amsa a rubuce: wane bayani za a tattara, don me, wa zai gani, wata nawa za a ajiye, kuma wane ne jami'in kare bayanai na kamfanin. Sashe na 34 ya ba ki haƙƙin neman a nuna miki bayanan da aka ajiye a kanki. Idan aka ƙi, ana kai ƙorafi NDPC. Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana, naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

Idan abin ya kai ga kora, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tsarin mulki ya ba ta damar duba kyawawan al'adun aiki na ƙasashen duniya. Shi ya sa lauyoyi kan jawo hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai na 2017, kan wani injiniya ɗan Romaniya da aka kora bayan an karanta hirarsa ta Yahoo Messenger a wurin aiki. Kotun ta ce an tauye masa haƙƙi, kuma cikin abin da ta duba har da ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da girmansa. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, hujja ce ta jan hankali.

Ɗaya gefen wuƙar kuma kada a manta da shi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta da waya, don haka hoton allo na hirar guruf na iya shiga gaban alƙali idan an cika sharuɗɗa. Ɓata suna laifi ne a dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama mutane da shi kan abin da suka wallafa, an taƙaita shi a gyaran 2024, amma ba a soke shi ba. Ma'aikacin gwamnati kuma yana da ƙarin igiya a wuya: dokokin aikin gwamnati da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 sun hana fitar da takardar ofis ba da izini ba, ko da sanarwar ƙarin girmansa ce ya ɗora don murna.

Maman Walid:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Barista. Na duba, na samu kwamfuta ɗaya a Linked devices tun watan azumi, na cire ta. To amma akwai waɗanda maganar da suka yi a sitatus ta kai kunnen shugabanni, alhali sun ce sun toshe su. Ta ina hakan ke faruwa idan ba a karanta waya?

Hajiya Binta Zariya:

Ƙanwata, ta hannun mutane. Duk wanda ya san yadda fayil ɗin ladabtarwa ke kasancewa a sashen kula da ma'aikata zai gaya miki abin da ake maƙalawa a bayan takardar tuhuma kusan kullum hoton allo ne da abokin aiki ya ɗauka ya tura. Ba a buƙatar injiniya ga wannan.

Ki fara da sitatus ɗin. Yawancin mutane na zaɓar My contacts except su cire oga da mataimakinsa, su bar sauran ofis. Wannan rariya ce. Wanda ya fi shi ne Only share with, ki zaɓi mutum goma ko ashirin da kika yarda da su. Ki sani kuma sauyin ba ya komawa baya, abin da kika riga kika ɗora yana nan ga waɗanda aka ba da farko har awa 24 ta cika. Jerin waɗanda suka kalla ma ba abin dogaro ba ne: wanda ya kashe alamar karanta saƙo yana kallo sunansa bai fito ba. Ga kuma masu GB WhatsApp da 'yan uwansa, waɗanda ke riƙe saƙo da sitatus bayan kin goge. Idan akwai mai irin wannan ko mutum ɗaya a guruf, goge wa kowa bai goge masa ba. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya shi ma haka, waya ta biyu ta ɗauke shi daga allo shike nan. Ke kanki kada ki saka irin waɗannan manhajojin, ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba wanda ya san inda hirar ke bi, kuma ana rufe layi saboda su.

Guruf ɗin ofis da babu oga a ciki, wanda ake kira na 'yan gida, shi ya fi cin mutane. Ana sakin baki saboda ana jin an kulle ƙofa, alhali mutum arba'in ne a ɗakin, kuma a cikinsu akwai mai neman kujerar wani.

Facebook kuwa ta bayan gida yake kamawa. Mutum ya ɗauki hutun rashin lafiya ranar Alhamis, ranar Asabar ƙawar amarya ta yi masa tagin a hoton kamu. Shi bai wallafa komai ba. Ki shiga saitin Profile and tagging ki kunna duba tagin kafin ya hau shafinki. Sai dai ki lura, wannan na hana shi fitowa a shafinki ne kawai, hoton na nan a shafin mai shi, sai kin cire tagin ko kin roƙe ta ta sauke. Ki danna Limit past posts, wanda ke mayar da tsofaffin rubuce-rubucenki na fili zuwa na abokai a lokaci guda. Ki rufe jerin abokanki, ki hana a nemo ki da lambar waya, ki kashe ɗora lambobin wayarki a Facebook da TikTok. Ta nan ne asusun da kika buɗe da sunan bogi ke faɗowa a gaban abokin aiki a matsayin wanda wataƙila ya sani. Abin da kika rubuta a ƙarƙashin labarin wata jarida kuma a fili yake, komai rufin shafinki.

Abin da ya fi tsada shi ne hoto a cikin ofis, domin a nan sirrin wasu ne ke fita ta hannunki. Ma'aikaciyar jinya ta yi bidiyo, fayil ɗin mara lafiya na kan tebur. Ma'aikacin banki ya ɗauki kansa, allon bayansa na nuna lambar asusun wani. Malama ta ɗora fuskokin ɗalibai da sakamakonsu. Waya ta yanzu idan aka ja hoton, rubutun na karantuwa tsaf. Irin wannan na iya zama ɓallewar bayanai a doka, Barista zai gyara mini, ina jin har da wa'adin sanar da hukuma. Katin shaidar aiki da ke rataye a wuya ma a juya shi kafin a ɗauki hoto.

Barista Nafi'u:

Haka ne Hajiya. Sashe na 40: idan ɓallewar na iya cutar da masu bayanan, kamfani na da awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da NDPC. Shi ya sa ba sa wasa da irin wannan hoton, kuma a nan ma'aikaci ba shi da bakin kare kansa sosai.

Injiniya Kabiru:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai ƙarin ramuka uku da ba a ambata ba.

Ajiyar hira. Kullen WhatsApp na kare saƙo a hanya, amma kwafin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya samun irin wannan kullen sai kin kunna da kanki. Settings, Chats, Chat backup, sai End-to-end encrypted backup. Za ki zaɓi kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Ki rubuta a takarda ki adana a gida, domin idan wayar ta ɓata kuma kin manta, babu mai dawo miki da hirar, har su WhatsApp ɗin. Ki duba kuma wane imel ne ajiyar ke tafiya cikinsa. Idan na ofis ne, hirarki na kwana a ɗakin ajiyar kamfani.

Layin ofis. Kada a buɗe WhatsApp na kai, Facebook ko asusun banki da layin da kamfani ya bayar. Ranar da aka karɓe shi aka ba wani, lambobin tabbatarwa wajensa za su riƙa zuwa. Wanda ya riga ya yi, ya yi amfani da Change number tun layin na hannunsa, ya kuma sauya lambar a sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ki kunna Two-step verification mai lamba shida, ki haɗa da imel ɗinki na kanki. Lambar da ke zuwa ta tes kuwa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi admin ɗin guruf ɗin ofis ne yana haɗa taro ta intanet. Da wannan dabarar ake kwace layi, sannan a bi abokan aiki ana neman rance da sunan mai shi.

Manhajojin bashi. Su ne suka fi kai sirrin mutum teburin oga, saboda suna kwashe lambobin waya su tura saƙon cin mutunci idan an yi jinkirin biya. Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023, amma waɗanda ake saukewa ta linki a wajen Play Store ba ruwansu da wannan. Ki shiga Permission manager, ki buɗe Contacts, SMS da Location, ki cire duk wadda ba ta da dalili.

Kan sharaɗi na biyu, ra'ayina shi ne idan imel a waya dole ne ga aikin, kamfani ya ba da waya. Idan ba zai bayar ba kuma ba Work profile ba ne, ƙaramar Android ta hannu ta isa ɗaukar imel da guruf ɗin ofis, wayarki ta gida kuma ta zauna a kan datarki. Idan kin taɓa hawa Wi-Fi ɗin da ita, ki shiga saitin Wi-Fi ki danna Forget a kan sunansa, in ba haka ba da kin shigo harabar za ta sake hawa da kanta.